Tiyo da Wutar da Aka Hana Shi Kashewa

Yayana bai taɓa ganin wuta ya bar ta da ranta ba. Tun muna yara haka yake. In aka ɗauke lantarki mahaifiyarmu ta kunna kyandir, sai ta zaunar da ni kusa da shi in yi gadi. Ba kyandir ɗin nake gadi ba, Yaya nake gadi, don da ta juya baya zai hure shi, ya bar mu cikin duhu yana faɗin wai ya ceci gida. Saboda haka da ya girma ya shiga aikin kwana-kwana babu wanda ya yi mamaki. Mahaifinmu cewa ya yi gara haka, ya je can ya yi wa mutanen gari abin da ya daɗe yana yi mana.

A wurin aiki suka laƙaba masa Tiyo, sunan kuwa ya bi shi har gida, har 'ya'yana ba su san shi da wani suna ba sai Kawu Tiyo. Ba a banza ya samu sunan ba. Akwai ranar da dutsen guga ya kama hannun wata riga a shagon wani tela. Kafin motar kwana-kwana ta iso, telan ya riga ya take wutar da takalminsa. Amma Yaya ya shaƙi ƙauri, kuma shi in ya shaƙi ƙauri kunnensa ya toshe ke nan. Ya sakar wa shagon ruwa, da yadudduka da kekunan ɗinki da telan kansa, ragowar ta gangara ta matakala ta sauka a shagon mai littattafai da ke ƙasa. Har yau in ka tambayi telan zai ce maka wuta ta ci hannun riga ɗaya, Tiyo ya ci shagon.

Kada in zalunce shi. Akwai mutanen da ke yawo a gari yau waɗanda a kafaɗarsa suka fito daga cikin hayaƙi, kuma tabon da ke damtsensa na hagu ba a wurin wasa ya samo shi ba. Ina son Yayana, ina alfahari da shi. Sai dai zama da shi aiki ne, kuma ba a san girman aikin ba sai da ya yi ritaya.

Matar Yaya ce ta sha wuyar ritayar nan. Kowane lungu na gidan ya ajiye bokitin yashi, har bayan ƙofar banɗaki, inda babu abin da zai kama sai sabulu. In ta kunna risho, yana tsaye a bayanta da jiƙaƙƙen tawul. Ashana kuwa a aljihunsa take kwana, sai an faɗi dalili yake bayar da tsinke. Wani maƙwabcinsu ya tara busassun ganye yana ƙonawa a cikin gidansa, a kan ƙasarsa, sai ganin ruwa ya yi ta saman katanga. Ya jiƙe sharkaf, shi da rediyonsa, kuma tun daga ranar gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

To, wannan mutumin ne Allah ya bai wa 'ya mai ƙona ɗakuna.

Autarsa ce, kuma duk gidan Auta muke ce mata. Yarinya mai kai, ta yi karatu ta zama injiniya a fannin gobara. Yaya ya yi ta yawo da labarin baki har kunne, wai 'yarsa ta gaje shi. Sai da ta kama aiki a wata cibiyar gwaji ya gano abin da ake yi a can: a gina abu da kyau, a cinna masa wuta da gangan, a koma gefe ana kallo. Ina gidan ranar da ta zo da wani guntun katako mai kaurin katifa ta ajiye masa a kan tebur.

"Duba nan, Baba," in ji ta. "Alluna ne aka jera hawa-hawa, wannan a miƙe, na samansa a gicciye, aka shafa gam tsakaninsu, inji ya danne. Da irinsa ake yin bango da silin yanzu, har dogayen benaye. Masu zanen gini kuma ba sa son a rufe shi, sun fi son a riƙa ganin katakon don kyansa."

Yaya ya juya katakon, ya shinshina shi. "Wato itacen girki kuka tara kuka ɗora wa mutane gado a kai."

"Tsaya ka ji mana. Ka san ƙaton gungume ba ya ci shi kaɗai. In ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashinsa suka cinye, bayansa ya zama gawayi, gawayin ya tare zafi, sai wutar ta mutu da kanta. Ai ka sha gani."

"Ban sani ba," in ji Yaya. "Ban taɓa jira ba."

Ni da matar Yaya muka tuntsire da dariya, shi ko gezau. Auta ta ci gaba. Ta ce abin da suke son sani shi ne, in kujeru da katifu da labule suka gama ci a ɗaki irin wannan, wutar da ta kama bangon da silin za ta mutu da kanta ko za ta ci gaba har ginin ya durƙushe. Ta ce matsalar tana wajen gam. In zafi ya ratsa ya kai gare shi ya saki, allon da ya zama gawayi sai ya ɓantare ya faɗo, sabon katako ya bayyana, wuta ta samu abinci ta dawo. Kuma babu yadda za a san gaskiyar sai an bar wutar ta yi abin da ta ga dama, ba a taɓa ta ba.

"Ba a taɓa ta ba," Yaya ya maimaita, kamar an zage shi.

Daga nan ne ta yi suɓutar bakin da ta daɗe tana cizon yatsa a kai. Ta ce doka ba ta yarda a kunna irin wannan wuta ba sai da gogaggen ɗan kwana-kwana a tsaye da tiyo don ko-ta-kwana, kuma nasu ya bar aiki, suna neman wani. Na ga idon matar Yaya ya yi haske. Tun daga ranar ta kafa wa Auta ƙahon zuƙa, safe da yamma, a waya da baki da baki, wai ta taimaki uwarta ta samu ta dafa shayi ba tare da ɗan rakiya ba. Auta ta ƙi, ta ƙi, ta gaji ta yarda. Aka ɗauki Yaya aikin da ya fi kowanne sauƙi a duniya: ya riƙe tiyo, kada ya buɗe.

Gwajin farko ƙarami ne, allo ɗaya aka jingina aka sa masa wuta. Ba na wurin, amma na ji labarin daga bakin su biyun. Yaya ya rantse harshen wutar ya miƙo yana neman fuskar Auta. Auta ta ce tsakaninta da wutar akwai tazarar da mota za ta juya. Abin da ba su yi musu a kai ba shi ne sakamakon. Allon ya jiƙe, wayoyin auna zafi da aka kwashe makonni ana dasawa suka jiƙe, kwamfuta ta jiƙe, shugaban cibiyar ya koma ofis yana ɗigar ruwa. Yaya kuma ya naɗe tiyonsa ya tsaya yana jiran a ce masa sannu da aiki.

Da Auta ta yi faɗa da abin ya zo da sauƙi. Ba ta yi ba. Gaisuwa ta koma yi masa irin ta maƙwabci, ina kwana, lafiya lau, ta wuce. Yarinyar da take zama a hannun kujerarsa tana tsokanar furfurarsa, yanzu ko ɗakin da yake ba ta daɗewa. Yaya ya daina cin abincin kirki. Ya zo gidana ya zauna ya yi tagumi, ya ce shi har yanzu bai ga laifinsa ba, wuta ya gani ya kashe. Na wanke shi tas. Na ce laifinka shi ne 'yarka ta ce maka tsaya, ka ɗauke ta yarinyar da ba ta san zafi ba, a gaban mutanen da ke kiranta injiniya. Ya tashi ya tafi gida.

Shugaban cibiyar ya so ya sallame shi. Auta ce ta tsaya masa, duk da fushin da take yi, don ta san in aka kore shi a haka ba zai ƙara ɗaga kai ba. Shugaban ya yarda da sharaɗi. Babban gwajin yana tafe, cikakken ɗaki guda, wanda Auta ta tsara ta kwashe watanni a kansa, ta kuma sa hannu cewa bisa lissafinta wutarsa za ta mutu da kanta. Ɗaki ɗaya ne, babu na biyu. In mahaifinta ya sake sakin ruwa kafin lokaci, za a karɓe aikin daga hannunta a bai wa wani. Aka faɗa wa Yaya ƙa'ida a gaban kowa: babu ruwa sai ya ji kalmar daga bakin Auta, ita kaɗai.

Sai Yaya ya shiga atisaye. Matar Yaya ta ce min yakan kunna kyandir a kan tebur, ya zauna a kan tafukan hannunsa yana kallonsa, gumi na tsattsafo masa. Da ya ga ya fara iyawa, ya sa ta riƙa ƙona tsohuwar jarida a cikin kwano yana tsaye yana karanto addu'o'i. Wani lokacin ya jure, wani lokacin ta tsinci kanta da kwano cike da ruwa. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin daɗin aure irin na kwanakin nan ba, ashana ta dawo kicin.

Ana gobe gwajin Auta ta zo wurina. "Gwaggo, ki zo ki tsaya kusa da shi. Duk duniya harararki kaɗai yake tsoro."

Da safe aka ba ni hular kwano da ta yi min yawa, aka shigar da ni wani ƙaton zaure mai kama da ma'ajiyar kaya, da wani babban mazurarin ƙarfe a sama mai zuƙe hayaƙi. A tsakiya ga ɗakin. Wallahi ya fi nawa kyau. Silin da bango ɗaya an bar su tsirara, katako fari tas yana ƙamshi, sauran bangon an rufe su da allon da wuta ba ta ci. An sa gado da katifa, kabad, labule, wata kanta cike da littattafai, da wata doguwar kujera mai laushi wadda na tsaya ina kallo zuciyata na ƙuna. Na tambayi wani ma'aikaci ko za a iya musanya ta da tawa ta gida, tunda wuta ba ta zaɓe. Ya ɗauka wasa nake.

Baƙi sun zo. Akwai manajan kamfanin da ya yi katakon, cikin kwat, da mai ɗaukar hotonsa, da kwali cike da takardun talla da aka riga aka buga, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa katakonsu yana kashe wutarsa da kansa. Wato shi ya riga ya san sakamakon, gwajin ne bai sani ba tukuna. Akwai mutumin kamfanin inshora, wanda ya zaɓi tsayawa dab da ƙofar fita. Akwai kuma wani jami'i daga ofishin ba da izinin gini, ya yi jawabi kan ci gaba, sannan ya tambaya a hankali ko bayan wutar ne za a kawo lemo. Aka tsayar da su bayan wani jan layi. Ni aka sa ni gaba kaɗan, bayan Yaya, wanda ke tsaye cikin tsofaffin kayan aikinsa, kan tiyo a hannu, yatsunsa a kan makunnin.

Auta ta duba kwamfutocinta, ta ɗaga hannu. Wani ya shiga ya sa wuta a kwandon shara kusa da kujerar nan tawa, ya fito.

Da farko abin kamar wasa. Wuta ta lashi hannun kujera, ta hau labule. Hayaƙi ya taru a sama, baƙi ƙirin, yana saukowa. Sai kawai ɗakin gaba ɗaya ya kama lokaci guda, da wani irin gurnani da na ji har cikin haƙorana, harshen wuta ya fito ta ƙofa ya miƙe sama. Zafin ya mari fuskata daga inda nake. Jami'in izini ya manta da lemo ya koma bayan mutumin inshora. Na dubi Yaya. Wuyansa ya jiƙe, leɓensa na motsi. Na matsa na ce, "Yaya, ina kallonka." Bai juyo ba, amma yatsunsa ba su motsa ba.

Aka daɗe ana haka. Katifa ta ƙare, kabad ya zube, littattafai suka zama toka. Wutar ta fara ja da baya, ta koma cikin ɗakin, ta rage tsawo. Silin da bangon sun yi baƙi sun tsattsage kamar bayan tsohuwar tukunya, 'yan harsuna na wasa a jikinsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ga kafaɗun Auta sun sauka. Manaja ya fara tafi shi kaɗai, ya jawo mai hoto ya tsaya yana gyara kwat, ɗakin na bayansa. Har Yaya ya waigo ya dube ni, fuskarsa cike da mamaki, kamar yaron da aka nuna wa dabo.

Sai muka ji ƙara, ƙas. Wani faffaɗan ɓangare na silin ya ɓantaro ya faɗo ƙasa, garwashi ya watsu. A gurbinsa ga sabon katako, fari kamar yanzu aka fere shi. Kafin in ƙifta ido ya yi ja ya kama. Wani ɓangaren ya biyo baya, sannan na bango. Ɗakin da babu sauran ko tsinke a cikinsa ya sake cika da wuta, kuma wannan karon jikinsa yake ci.

Mutumin inshora ya ce "to" a hankali, ya ciro biro. Manaja ya sa tafin hannu ya rufe idon kyamara. Ya tsallake jan layin ya nufo Yaya.

"Malam, kashe mana! Me kake jira? Ba ka ga abin ya fi ƙarfi ba?"

Ni ba injiniya ba ce, amma na yi shekaru ina saye da sayarwa, na san fuskar mai son a rufe kaya kafin a ga aibinsu. In aka kashe yanzu, gobe sai ya ce ai ba a bar gwajin ya kai ƙarshe ba, da an bari da ta mutu. Ga babban mutum cikin kwat yana ba Yaya umarnin da ya fi so a duniya, ga wuta tana ruri a gabansa, ga ruwa a cike a tiyo har yana motsi a ƙasa. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, ba bakinka aka ce in saurara ba," in ji shi. "Koma bayan layi, za ka ƙone."

Manaja ya koma. Auta ba ta ko ɗago ba, idonta na kan kwamfuta. Wutar ta ci sabon allon, ta sake lafawa, har na fara sa rai. Sai allo na gaba ya saki shi ma, ta sake tashi. Na ga Auta ta dubi shugabanta, ya gyaɗa kai. Ta cire na'urar sauraro da ke kunnenta ta ajiye, ta tako a hankali har inda mahaifinta yake. Fuskarta ta yi baƙi da hayaƙi, idanunta sun yi ja, kuma na san ba hayaƙin kaɗai ba ne.

"Baba, ruwa."

Na ja da baya don kada a jiƙa ni. Yaya bai buɗe ba.

"A ƙara wa wutar lokaci kaɗan, Auta," ya ce. "Dubi gefen can, ya fara lafawa. Wallahi zan iya jira. Ko zuwa yamma ne zan jira."

"Ba za ta mutu ba, Baba. Gam ɗin ba ya riƙewa. Duk allon da ya ƙone faɗowa zai yi, har silin ya ƙare."

"To aikinki fa? Ke kika ce musu za ta mutu."

"Na ce, kuma ban yi daidai ba. Gara a nan da a ɗakin da mutum yake barci. Mun ga abin da muka zo gani, kuma don ka jira ne muka gan shi. Buɗe."

Na san Yaya tun ina rarrafe, ban taɓa ganin ya nufi wuta da sanyin jiki ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni. Ya gyara tsayuwa, ya murɗa makunnin, ruwan ya fito da ƙarfin da ya tura shi baya, don tiyo irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne, balle tsoho. Ma'aikacin da ya kamata ya dafa masa ya taho da gudu, amma Auta ta fi shi kusa. Ta rungumi tiyon ta bayansa, ta sa kafaɗarta a gadon bayansa ta tokare shi. Tururi ya turnuƙe zauren, ɗakin na ta kuka yana huci.

Cikin ƙarar ruwan na ji ya ce, "Ki yi haƙuri, Auta."

"Hagu, Baba," in ji ta, kanta a jingine da bayansa. "Akwai saura a hagu."